Binciken DBS ga 'yan sa-kai a makarantun renon yara na Ingila: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Duk makarantar renon yara a Ingila da ke karɓar 'yan sa-kai, ko uwa ce mai zuwa karanta wa yara labari ranar Talata, ko dattijon da ya yi ritaya yake son taimakawa a lambun makaranta, da wuya ta kauce wa hukumar DBS. Ita ce ke duba ko mutum yana da tabo a wajen 'yan sanda da kotu, kuma ita ke riƙe da jerin sunayen waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ofisoshinta suna Liverpool da Darlington, takardunta kuma na Ingila da Wales ne. Scotland da Ireland ta Arewa kowacce tana da hukumar da ke ba da tata takardar.

Ra'ayinmu a kanta tun daga farko shi ne hidima ce mai amfani, kyauta ce ga ɗan sa-kai na gaskiya, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a tsallake ta ba. Sai dai ana yawan ɗora mata nauyin da ba nata ba. Takardar da take bayarwa tana faɗin abin da hukuma ta riga ta rubuta a kan mutum zuwa ranar da aka buga ta, iyakarta ke nan. Ɓangaren da ya shafi 'yan sa-kai kuwa shi ne mafi sarƙaƙiya a tsarin gaba ɗaya, kuma nan ne shugabannin ƙananan makarantu suka fi yin tuntuɓe.

Sai an san mafarin abin kafin a gane me ya sa aka gina shi haka. A watan Agustan 2002 aka kashe 'yan mata biyu masu shekara goma-goma a garin Soham da ke Cambridgeshire. Wanda ya kashe su, Ian Huntley, mai kula da ginin makarantar sakandaren garin ne. Kafin ya samu aikin an sha kai ƙararsa wajen 'yan sandan Humberside kan zargin lalata, har da na 'yan mata masu ƙananan shekaru, amma ba a yanke masa hukunci a kan ko ɗaya daga cikin zarge-zargen ba, kuma labarinsu bai isa wurin masu tantance shi ba. Ga shi ya nemi aikin da wani suna daban, Ian Nixon. Kwamitin Bichard da ya binciki lamarin ya miƙa rahotonsa a watan Yunin 2004, daga nan aka yi dokar kare masu rauni ta 2006. A Disambar 2012 aka haɗe hukumar CRB, wadda ta fara binciken laifuka tun 2002, da hukumar ISA mai riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa, aka samu DBS. Abu biyu a tsarin yau sun yi daidai da darasin wancan lamari: yadda ake tsananta tambayar duk sunan da mutum ya taɓa amfani da shi, da damar da shugaban 'yan sandan yanki yake da ita ta ƙara bayanin da bai kai ga hukunci ba idan ya ga ya dace a sani.

Binciken hawa huɗu ne. Na ƙasa yana nuna hukuncin da wa'adinsa bai shuɗe ba kawai, kuma kowa yana iya nema wa kansa. Na biyu yana ƙarawa da tsofaffin hukunce-hukunce da gargaɗin 'yan sanda. Waɗannan biyun ba su isa aiki da ƙananan yara ba. Na uku, mai suna Enhanced, shi ne ke kaiwa har ga bayanan da 'yan sandan yanki suke riƙe da su, na huɗu kuma shi ne Enhanced ɗin haɗe da duba jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Tun Disambar 2024 ma'aikaci mai albashi ana biya masa fam 49.50 a kan Enhanced, ɗan sa-kai kuwa hukumar ba ta karɓar ko sisi a kansa. Amma hawan ƙasa kowa biya yake yi, har ɗan sa-kai, fam 21.50 ne. Wannan yana jawo asarar da ake yawan gani: mutum mai zumuɗin taimako ya shiga intanet, ya biya kuɗinsa, ya zo da takardar hawan ƙasa yana murna, sai a ce masa ba ita ake so ba. Ɗan sa-kai ba ya nema wa kansa Enhanced, makarantar ce ke nema masa. A faɗa wa mai son sa-kai wannan tun ranar da ya fara tuntuɓa.

Wane ne ɗan sa-kai a idon hukumar? Wanda yake ba da lokacinsa ba tare da biya ba, in ban da kuɗin mota da abin da ya kashe daga aljihunsa saboda aikin, kuma amfanin aikin yana komawa ga wasu ne, ba danginsa na kusa ba. Ɗalibar koyon renon yara da aka turo sanin makamar aiki don ta cika sharaɗin kwas ɗinta ba ta shiga ciki ba, ko da ba a biyanta komai, domin ita ma tana cin moriyar zaman. Haka wanda aka ɗauka gwaji da alkawarin aikin albashi daga baya. A fom ɗin takarda, gurbi na x68 ne ake amsa wannan tambaya, kuma idan aka ce ɗan sa-kai ne alhali ba shi ba ne, hukumar tana da hurumin bin kuɗinta. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 16 ba binciken kwata-kwata.

Kyautar ma ba ta cika zama kyauta ba. Kafin ƙungiya ta yi hulɗa da DBS kai tsaye sai ta yi rajista, ta biya fam 300, kuma tana tura aƙalla buƙatu 100 a shekara. Makarantar da ke da yara talatin da 'yan sa-kai biyar ba za ta taɓa kaiwa nan ba, don haka dole ta bi ta hannun masu shiga tsakani: kamfanoni, ƙananan hukumomi, ko ƙungiyoyin agaji da suka yi rajista suke turawa a madadin wasu. Su kuma suna cajin ladan aikinsu a kan kowace buƙata, har da ta ɗan sa-kai, kuma kowanne da farashinsa. Ingancin abin da makaranta za ta samu ya dogara da wannan mai shiga tsakani fiye da yadda ya dogara da hukumar kanta. Na ƙwarai yana da fom ɗin intanet da ba ya barin a wuce gaba idan an bar giɓi a adireshi, yana da mutumin da zai ɗauki waya ya amsa tambayar ko wannan aiki ya cancanci duba jerin haramci, kuma yana sanar da makaranta da zarar an buga takarda. Na banza karɓar kuɗi kawai yake yi ya tura abin da aka ba shi. Kafin a zaɓa, a tambaye su tambaya guda mai wuya a kan ɗan sa-kai da ake sa wa ido, a ji yadda za su amsa.

Tabbatar da ko wane ne mutumin yana wuyan makaranta ko wakilinta, ba hukumar ba. Hanyar da aka fi bi tana buƙatar takardu uku: ɗaya daga manyan takardun shaida, kamar fasfo ko lasisin tuƙi mai hoto, sai wasu biyu, irin su takardar bayanan asusun banki ko ta kuɗin wuta. Na asali ake kawowa, ba kwafi ba, kuma takardar banki ko ta wuta kada ta wuce wata uku. Tun 2022 an yarda da tantance shaida ta manhajojin kamfanonin da aka amince da su, abin da ya rage wahala ga mai fasfo.

Inda buƙatu suka fi maƙalewa shi ne tarihin adireshi da na suna. Ana son duk inda mutum ya zauna a shekara biyar da suka wuce, da wata da shekara, ba tare da giɓin ko wata ɗaya ba. A ɗauki matar da ta rubuta cewa ta bar gidan haya a Leeds a watan Maris, ta shiga na Bradford a watan Yuni. Ina ta kwana a Afrilu da Mayu? A ɗakin ƙanwarta, kuma ba ta ɗauke shi adireshi ba saboda ba ta biya haya ba. Sai an rubuta shi. Haka sunan da ta bari bayan aure, da sunan tsakiya da ke cikin fasfo amma ba ta amfani da shi, da sunan da aka rubuta da wasu haruffa a takardar haihuwa, da wasu a lasisin tuƙi. Mai duba takardun ya ajiye su gefe da gefe ya bi su harafi-harafi, ya tambayi dalilin kowane bambanci. Ba tsananin banza ba ne, ta nan Huntley ya sulale. Idan fom ɗin takarda ne, da baƙin biro da manyan baƙaƙe ake cikawa, ba a shafa farin ruwan goge rubutu, kuskure kuwa layi ɗaya ake ja a kai a rubuta gyaran a gefe. A gurbi na x61 kuma sai an bayyana cewa aikin na ɓangaren yara ne, domin da wannan ne 'yan sanda suke auna wane bayani ya dace su saki.

Bayan an tura, buƙatar tana bin matakai biyar, kuma ana iya bin sawunta a intanet: karɓa da dubawa, rumbun bayanan 'yan sanda na ƙasa, jerin haramci, 'yan sandan yankuna, sai bugawa. Yawanci kimanin mako biyu abin yake ɗauka. Idan ta tsaya, kusan kullum a mataki na huɗu ne, musamman ga wanda ya zauna a garuruwa da yawa ko mai sunan da mutane da yawa suke da shi, kuma sai ta cika kwana 60 a wurin kafin a iya neman hukumar ta tuntuɓi rundunar da ke riƙe da ita. Wannan rauni ne babba ga aikin sa-kai. Mai albashi zai jira saboda yana buƙatar aikin. Ɗan sa-kai da aka bar shi wata biyu ba labari, zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri. Maganinsa a cika lokacin jiran da abin da ake buƙata dama: ganawa, neman shaidar hali, horon kare yara, da ziyara a ƙarƙashin idon ma'aikaci.

Tun watan Yunin 2013 mai nema kaɗai ake aika wa takardar, gidansa take zuwa ta gidan waya. Makaranta ba ta samun kwafi, sai ya kawo da hannunsa. A karɓi ta asali, a ɗaga ta a haske a ga tambarin kambi da ke jere a gefen dama, a duba zanen bango mai kama da igiyar ruwa, a gwada suna da ranar haihuwa da na fasfo. Sannan a karanta ta gida-gida. A ƙarƙashin kowane sashe ana samun ɗaya daga cikin amsoshi biyu idan babu komai: ko an duba ba a samu wani abu ba, ko kuma ba a nemi a duba ba. Ido mai sauri yana ganin su iri ɗaya, alhali sun yi hannun riga. Takardar da ta ce ba a nemi duba jerin haramcin yara ba, ba ta wanke mutum daga jerin ba ko kaɗan. Wanda ya kawo takardar da aka yi masa don aiki a gidan tsofaffi, a duba wannan sashe kafin komai. Idan takarda ta ɓace a hannun mai ita, ba a sake bugawa, sai sabuwar buƙata. Wadda ba ta iso ba ce kawai ake sake bugawa, bayan kwana 14 da fitowarta kuma kafin kwana 93.

Yanzu ga wurin da ya fi damunmu. Ba kowane ɗan sa-kai ne doka ta yarda a duba sunansa a jerin haramci ba. Sai wanda aikinsa ya shiga rukunin ayyukan da doka ta killace: koyarwa ko kula da yara fiye da kwana 3 cikin kwana 30, ko da dare tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba. Wata doka ta 2012 ta cire ɗan sa-kai da ake sa wa ido daga wannan rukuni, muddin mai sa idon shi kansa an tantance shi, kuma sa idon na yau da kullum ne, wanda ya isa ya kare yara. Abin da hakan ya haifar shi ne a yi wa mutum Enhanced, amma a hana makaranta sanin ko yana cikin jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Sau da yawa dalilin haramcin zai bayyana a sashen hukunci ko na bayanan 'yan sanda, amma ba kullum ba, tunda ana iya haramta wa mutum bisa rahoton tsohon wurin aikinsa ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Kwamitin ƙasa da ya binciki cin zarafin yara ya nemi a toshe wannan kafa a rahotonsa na ƙarshe a Oktoban 2022, a 2025 kuma gwamnati ta shigar da ƙudiri gaban majalisa wanda ya ƙunshi cire togaciyar. A karanta sabon bugun ƙa'idar hukumar kafin a cika gurbi na x64, inda ake neman duba jerin.

A makarantar renon yara akwai abin da ke sauya lissafin nan take. Yi wa yaro tsarki, canza masa kunzugu, yi masa wanka ko sa masa tufafi suna cikin ayyukan da aka killace ko da sau ɗaya aka yi, ko da ana kallo. Don haka shugabar makaranta tana da zaɓi biyu ne kawai, kuma sai ta yanke tun kafin a cika fom. Ko ɗan sa-kai zai taɓa irin wannan aiki, a nemi masa cikakken bincike har da jerin haramci. Ko ba zai taɓa ba, a rubuta hakan a takardar aikinsa, kowane ma'aikaci ya sani. Abin da ke lalacewa a aikace sananne ne: ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ma'aikaciya ɗaya ta fita amsa waya, ɗaya tana rarrashin mai kuka, yarinya 'yar shekara biyu ta ja rigar 'yar sa-kai tana cewa fitsari. Ita kuma, da kyakkyawar niyya, ta kama hannunta suka nufi banɗaki. A wannan minti ɗaya sa idon da aka rubuta a takarda ya rushe. Sa ido na gaskiya yana nufin an ambaci sunan ma'aikacin da ke tare da ita a jadawalin ranar, an kuma faɗi wanda zai maye gurbinsa lokacin hutu, kuma an gaya mata ƙarara abin da za ta yi idan yaro ya nemi banɗaki: ta kira ma'aikaciya.

Ƙa'idojin EYFS, waɗanda suka shafi yara daga haihuwa zuwa shekara biyar kuma Ofsted, hukumar duba makarantu, ke duba bin su, sun hana barin wanda ba a kammala tantance shi ba shi kaɗai da yara. Sun kuma ƙayyade yawan manya: mutum ɗaya ga jarirai 3 'yan ƙasa da shekara biyu, ɗaya ga 5 ga 'yan shekara biyu tun Satumbar 2023, ɗaya ga 8 ga 'yan shekara uku zuwa sama, ko ɗaya ga 13 inda akwai ƙwararren malami. Ana iya ƙirga ɗan sa-kai mai shekara 17 zuwa sama a wannan lissafi idan makaranta ta gamsu da ƙwarewarsa. Shawararmu a guji hakan. Wanda aka ƙirga don cika adadi, ba a sa masa ido, shi ne yake sa wa yara ido, kuma ranar da bai zo ba adadin ya karye.

Wani giɓin kuma hukumar da kanta ba ta ɓoye shi: ba ta iya leƙa rumbun 'yan sandan wasu ƙasashe. Wanda ya shigo Ingila bara bayan shekara talatin a wata ƙasa zai samu takarda fes, domin babu abin da rumbun Birtaniya ya sani a kansa. Ƙa'idojin EYFS sun nemi a ƙara bincike ga duk wanda ya zauna ko ya yi aiki a waje, wato takardar shaidar 'yan sandan ƙasar da ya baro, kuma ma'aikatar cikin gida tana wallafa bayanin yadda ake nemanta ƙasa-ƙasa. Wasu ƙasashen suna bayarwa cikin makonni, wasu sai mutum ya je da kansa, wasu kuwa yaƙi ya hana. Inda ba ta samuwa, ba korar mutum za a yi ba. A rubuta ƙoƙarin da aka yi, a ƙara yawan masu ba da shaidar hali, a bar shi a aikin da ba ya kaɗaita da yaro.

Takardar DBS ba ta da ranar ƙarewa, kuma wannan yana ruɗin mutane su ɗauka tana aiki har abada. Abin da ya faru washegarin buga ta ba ya ciki. Don haka ne tsarin Update Service, wanda aka fara a 2013, ya zama mafi kyawun abin da hukumar ta ƙirƙiro a ganinmu. Mai albashi yana biyan fam 16 a shekara, ɗan sa-kai kyauta ne. Da izininsa, makaranta tana shigar da lambar takardarsa mai lambobi 12 da sunansa da ranar haihuwarsa a intanet, nan take ta ga ko wani sabon abu ya shigo. Ana duba sababbin hukunce-hukunce da haramci kowane mako, bayanan 'yan sandan yanki kuma duk wata tara. Tarkon guda ne: sai mutum ya yi rajista cikin kwana 30 da ranar da aka buga takardar, in ya wuce sai an sake buƙata daga farko. Mutane da yawa suna rasa wannan dama don babu wanda ya tuna musu. Ana iya yin rajistar tun buƙatar tana kan hanya, da lambar fom, kuma ya fi a zauna da mutum a yi a ranar da aka duba takardunsa. Tsarin yana ba shi damar kai takarda ɗaya makaranta biyu ko uku, amma fa sai hawan binciken da ɓangaren aikin sun zo ɗaya, kuma sai an ga takardar asali.

Abin da hidimar ba ta yi, kuma ba ta taɓa cewa tana yi ba, shi ne gane wanda ba a taɓa kamawa ba. A 2009 aka kama Vanessa George, ma'aikaciya a wata makarantar renon yara a Plymouth, tana cin zarafin jarirai tana ɗaukar hotonsu da wayarta. Bitar da aka fitar a 2010 ta nuna sakaci a yadda ake ɗaukar ma'aikata a wurin, ta kuma nuna abokan aikinta sun daɗe hankalinsu bai kwanta da halayenta ba, amma ba su ga inda za su kai kukansu ba. Mugu ba shi da kama, kuma takarda ba ta maganin wannan. Tun Satumbar 2025 ƙa'idojin EYFS sun ƙara tsauri kan shaidar hali: a same ta kafin mutum ya fara, kada ta zama buɗaɗɗiyar wasiƙar da mai nema ya zo da ita a jakarsa, kada kuma ta fito daga danginsa. Makaranta ce za ta rubuta wa mai ba da shaidar, sannan ta kira shi a lambar da ta samo da kanta daga wurin aikinsa, ba wadda mai nema ya rubuta ba. A tambaye shi kai tsaye ko ya san wani dalili da zai hana a bar wannan mutum kusa da ƙananan yara, a kuma saurari jinkirin da ke zuwa kafin amsa. A ganawa mutum biyu su zauna, a tambayi dalilin kowane giɓi a tarihin aikinsa, a ba shi misali na zahiri: yaro ya ce zai faɗa maka wani sirri in ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, me za ka ce masa? Amsar da ake nema ita ce ba zai yi alkawarin ba, zai saurara, ya rubuta da kalmomin yaron, ya kai wa jami'in kare yara na makarantar a ranar. Wayarsa kuwa a akwatin ajiya take zama har ya tashi.

Idan takarda ta zo da bayani a ciki, ba shi ke nufin an rufe ƙofa ba. Dokar tacewa tana cire wasu tsofaffin ƙananan laifuka: gargaɗin da aka yi wa baligi bayan shekara 6, hukuncin da ba na ɗauri ba bayan shekara 11, amma hukuncin ɗauri da manyan laifuka irin na lalata da mugun rauni ba sa goguwa. Abin da ya rage a takardar sai a zauna da mutum a ji ta bakinsa, a auna ko ya shafi aikin, da tsawon lokacin da ya wuce, da ko ya faɗa da kansa tun farko. Hukuncin tuƙi na shekara takwas da suka wuce daban yake da na dukan yaro. Ƙa'idar hukumar ta wajabta wa mai amfani da binciken ya kasance da rubutacciyar manufa kan ɗaukar waɗanda suka taɓa laifi. Idan mutum ya ce bayanin ba nasa ba ne, yana da wata uku daga ranar takardar ya ƙalubalanta, wani lokaci har a nemi zanen yatsunsa don raba shi da mai irin sunansa. A kundin makaranta lambar takardar ake rubutawa, da ranarta, da sunan wanda ya nemo ta a madadin makarantar. Kwafinta ba a riƙe shi fiye da wata shida.

Jerin haramcin kansa, baya ga hukunce-hukuncen kotu, da rahotannin wuraren aiki irin su makarantu ake cika shi, kuma wannan ne nauyin da aka fi mantawa da shi idan ɗan sa-kai ne. Idan an cire mutum daga aikin da aka killace saboda ya cutar da yaro ko ana fargabar zai cutar, doka ta tilasta a kai rahotonsa ga DBS, ko da shi ya riga ya janye da kansa kafin a sallame shi. Ɗan sa-kai ba shi da kwantiragi, daina zuwa kawai yake yi, sai kowa ya yi ajiyar zuciya a rufe maganar, shi kuma ya nufi makarantar gaba da takardarsa fes. Zargi irin wannan ana sanar da jami'in ƙaramar hukuma mai kula da zarge-zarge cikin ranar aiki ɗaya, Ofsted kuma cikin kwana 14, sannan a cika fom ɗin rahoto na DBS a intanet, a haɗa da takardar aikin mutumin, da bayanan shaidu masu kwanan wata, da abin da binciken cikin gida ya gano.